Shamuwa ta mutu a falwayar ƙofar gidanmu, wuta ta tafi da ita

Baban Walid:
Salamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya ga masu ilimin lantarki. Shekaranjiya bayan la'asar an yi yayyafi ya ɗauke, muna zaune a dakali sai muka ji ƙara kamar taya ta fashe, ga tartsatsi a saman falwayar da ke jikin taransifomarmu, fankar shagon maƙwabcina ta tsaya cak. Yara suka ruga, ashe shamuwa ce ta faɗo. Na je na gani da idona, ƙafa ɗaya ta ƙone ta yi baƙi ƙirin yatsun sun dunƙule, gefen fiffike guda ya babbake, wajen sai ƙauri kamar ana babbakar kaza. Abin da ya fi taɓa ni sheƙarta na kan tsamiyar bayan masallaci, tun muna yara nan suke sauka duk damina, kuma akwai 'ya'ya a ciki, ɗayar ce kaɗai yanzu take ta jigila. Wuta kuwa sai jiya da daddare ta dawo. To kullum muna ganin kurciya da tattabaru jere a kan waya ba abin da ke samunsu, me ya sa ita wannan ta mutu? Kuma ba wani abu da ake yi ne a hana?

Maman Ihsan:
Allah sarki shamuwa, 'yar albishir ɗin damina. Wlh har na ji ba daɗi, 'ya'yan nan fa?

Sarkin Gardama:
Ana ta kai wa yake ta kaya. Mu da muke kwana uku ba mu ga ƙyallin wuta ba, taransifoma in ta ƙone sai mun yi karo-karo, shi ne za a zauna ana zaman makokin tsuntsu hhhh. Malam ka ba yara su gasa kawai

Baban Walid:
Mushe ne fa Sarki, kuma a garinmu ko da ranta ba mai taɓa shamuwa. Sannan ka karanta da kyau, ita ta tafi da wutar tamu ai.

Tsohon Mai Layi:
Wa alaikumus salam Baban Walid. Shekara ashirin da wani abu na yi ina hawa falwaya kafin gwiwa ta ce ta gaji, bari in faɗa maka yadda abin yake. Wuta ba ta kama abu sai ta samu hanyar wucewa ta jikinsa. Kurciya ƙafafunta biyu a kan waya ɗaya suke, ba ta taɓa komai ba, wutar ba ta da inda za ta bi ta jikinta ta fita. Matsalar babban tsuntsu girmansa. Shamuwa in ta buɗe fukafukai ta kusa mita ɗaya da rabi, alhali a layin 11, wato mai volt dubu 11, tsakanin waya da waya a kan kuros-am, wato ƙarfen da ke gicciye a saman falwaya, wurare da yawa bai kai mita guda ba. Tana zuwa sauka ko tashi fiffike ɗaya ya taɓa wannan, ɗaya ya taɓa waccan, shi ke nan ta zama gada.
Hanya ta biyu ita ce ta fi yawa, kuma da alama ita ta kashe taku tunda ka ce ƙafa da fiffike ne suka ƙone. Falwayar siminti akwai rodi a ciki, kuros-am ɗin na ƙarfe ne, wato duk a haɗe suke da ƙasa. Tsuntsu ya tsaya a kan ƙarfen, insuleta kuma, wato tangaran ɗin da waya ke zaune a kai, tsayinta bai wuce taƙi ɗaya ba, yana juyawa kafaɗa ko baki ya gogi waya. Wuta ta shiga ta fiffike ta fita ta ƙafa. Ga shi ka ce an yi yayyafi, busasshen gashi yana ɗan tarewa, jiƙaƙƙe kuwa ba ya tare komai. Kuma falwayar taransifoma ita ce mafi muni saboda jampa, wato gajerun wayoyin da ke haɗa layi da taransifoma, tsirara suke ko ta ina.

Baban Walid:
Ikon Allah. To ashe manyan turakun ƙarfen nan da suke ratsa daji sun fi kashe su ke nan tunda wutarsu ta fi ƙarfi?

Tsohon Mai Layi:
A'a, nan mutane suke kuskure. Layin 132 da na 330 tsakanin wayoyinsu mita da yawa ne, tsuntsu ba ya iya haɗa biyu. Masu kisa ta hanyar jan wuta su ne 11 da 33, waɗannan na cikin gari da ƙauyuka. Manyan kuma tasu illar daban, karo. Ka duba can ƙololuwa akwai wata siririyar waya da ba ta ɗauke da wuta, ta kare layi daga tsawa ce. Tsuntsu yana hango masu kaurin sai ya ɗaga sama ya kauce musu, sai ya faɗa wa siririyar da bai gani ba, wuya ko fiffike ya karye.

Sarkin Gardama:
To na ji. Amma tsuntsu nawa ne? Ɗaya a shekara? Kaji nawa muke yankawa a sallah

Malamar Bayoloji:
Yaya Sarki kaza tana yin ƙwai kusan kullum, ungulunmu ta gida ƙwai ɗaya tal take yi a shekara, kuma ɗan sai ya ɗau shekaru kafin shi ma ya fara. In ka kashe babba ɗaya ba a mayar da gurbinta da wuri. Tun 2015 aka saka ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, ita da babbar mikiyar nan mai sheƙa a duwatsu, wadda fukafukanta sun haura mita biyu. Ka tuna yaushe rabonka da ganin ungulu a kwata? Da har korarsu mahauta suke yi.

Sarkin Gardama:
Yauwa Malama kin zo inda nake so. Ungulu waya ce ta ƙarar da ita? Tsakaninki da Allah. Kowa ya san masu tsibbu ne da 'yan kasuwar magani suke sayen kanta da tsada, ana zuba guba a mushe a kwashe su buhu-buhu. Kar a ɗora wa falwaya laifin da ba nata ba

Malamar Bayoloji:
Wannan gaskiyarka ce, ban musa ba. A yankinmu guba da cinikin sassan jiki su ne kan gaba nesa ba kusa ba. Akwai ma wata farar ungulu da masu bincike suka maƙala wa na'ura a Girka, ta tsallake teku ta tsallake Sahara lafiya, a 2014 maharbi ya kashe ta a kudancin Nijar don a kawo kasuwa a Najeriya. Amma wanda ya rage da kaza uku ai ba ya cewa muzuru ba komai ba ne don shaho ya fi ɗauka. Kuma layuka ƙaruwa suke yi kullum, duk ƙauyen da aka ja wa wuta an kafa falwaya ɗaruruwa a fili inda an riga an sare itatuwa, tsuntsu ba shi da wurin sauka da ya fi ta tsawo.

Bahaushen Sudan:
Salam 'yan uwa, a yi haƙuri da Hausata. Wannan magana ta filin da ba itace mu muka san ta. Kakanninmu hanyar hajji ta ajiye su a Sudan, ni a Bur Sudan na tashi bakin Bahar Maliya. Akwai wani layi da aka ja tun shekarun 1950 daga gari zuwa Kor Arba'at inda ruwan shanmu yake fitowa, kilomita 31. Wajen hamada ne, ga mayanka da juji a kusa, farar ungulu da take tahowa daga Turai da Asiya tana isowa a gajiye sai ta sauka a kan turakun ƙarfen nan ta kwana. Wani mai bincike ya bi ƙarƙashin layin a farkon shekarun 1980 ya tarar da gawarsu kusan 50, aka sake bi a 2010 aka samu 17, wato shekara kusan talatin yana ci ba wanda ya tanka. Sai da masu kare tsuntsaye na Bulgariya da na Sudan suka yi ta bin hukuma, aka ja sabon layi mai rufaffiyar waya a gefensa, wajen 2014 aka kashe tsohon. Ruwa bai yanke ba wuta ba ta yanke ba.

Maman Ihsan:
Bulgariya kuma? Me ya kawo su har Sudan

Malamar Bayoloji:
Tsuntsayensu ne Maman Ihsan. Can suke haihuwa, su yi ta gadin sheƙa suna kashe kuɗi, in kaka ta yi su taho Afirka, Sudan, Habasha, Cadi, Nijar, sai a ga ba su koma ba. Shi ne suka biyo sawu.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Nijar kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, da yawa daga wajenku yake zuwa, layi ɗaya daga Birnin Kabi zuwa Yamai, ɗaya daga Katsina ya shigo Gazawa ya rabu Maraɗi da Damagaram. Ni direba ne ina bin hanyar Tasawa, na taɓa tsayawa kama ruwa gindin wani poto, falwaya a wajenku, na ga shirwa biyu busassu da hankaka. Ban kawo komai a raina ba sai yau da na karanta bayanin Tsoho. Shamuwa kuwa a ƙauyenmu in ta yi sheƙa a gidanka murna ake, tsofaffi ba su bari yaro ya jefe ta, ga shi tana cinye fara a gona.

Tsohon Mai Layi:
Sarkin Gardama dawo in ba ka taka amsar tunda kai wutar ce damuwarka. Duk tsuntsun da ya mutu haka folt ne a wajenmu, wato matsala a layi. Ko fiyus ya tsinke, ko fida, wato layin da ke kawo wa unguwanni wuta, gaba ɗaya ta faɗi tun daga tasha, unguwa goma su shiga duhu. Mu kuma mu shiga mota mu yi ta bin layi falwaya bayan falwaya muna ɗaga kai, wani lokaci har dare ba mu ga komai ba don kare ya riga ya ɗauke gawar, sai a rubuta ba a san dalili ba. Kuma irin wannan bugun yana gajiyar da taransifoma, wadda kai za ka yi wa karo-karo. Akwai ma wani abin dariya, manyan tsuntsaye in suka kwana a saman turke suka saki kashi, dogo ne mai ruwa-ruwa, yana iya haɗa waya da ƙarfe wuta ta yi tsalle, layi ya faɗi tsuntsun ya tashi abinsa. Sai ka rantse aljanu ne.

Sarkin Gardama:
Hhhhh wato kashin ungulu ma yana ɗauke mana wuta, kai jama'a mun shiga uku

Ustaz Na Bakin Kasuwa:
Ni dai abin da ya tsaya min 'ya'yan da ke cikin sheƙa. Ya zo a Abu Dawud cewa sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Manzon Allah SAW ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Saboda haka wanda ya damu da wannan bai yi abin dariya ba. Ba kuma ina cewa a bar mutane a duhu don tsuntsu ba ne.

Baban Walid:
Jazakallahu Ustaz. To Tsoho mu zo kan magani. Wani a majalisarmu ya ce a samu tiyon ban ruwa a tsaga a rufa wa wayar, wani ya ce a ɗaure ledoji su riƙa kaɗawa

Tsohon Mai Layi:
Don girman Allah kar wanda ya kusanci layin nan, ko da gora, ko an ɗauke wuta, don ba ka san lokacin da za a dawo da ita ba kuma wani yana iya tayar da janareta ta dawo ta baya. Layin 11 ba sai ka taɓa ba, in ka matsa sosai yana iya tsallakowa. Na yi jana'izar abokan aiki, ba labari aka ba ni ba.
Tiyo kuma ba a yi shi don volt dubu 11 ba, rana za ta farfasa shi ruwa ya taru a ciki ya fi da muni. Amma tunanin mutumin daidai ne, akwai robar da aka yi musamman, ana kifa ta a kan insuleta ta rufe waya wajen mita ɗaya kowane gefe, akwai ta jampa, akwai hular kan taransifoma. Ma'aikata ne suke sawa bayan an kashe layi an yi masa at, wato an haɗa shi da ƙasa. Wanda ya fi wannan kuma tun wajen kafawa ne, a rataye insuleta tana kallon ƙasa, waya ta bi ta ƙarƙashin kuros-am, tsuntsu ya sauka a sama ya sha iskarsa ba abin da zai taɓa. Ko a tsawaita kuros-am. A Amurka ma'aunin da suke bi saboda gaggafarsu inci 60 ne tsakanin waya da waya, mita ɗaya da rabi ke nan. Roba tana tsufa sai an canza, falwayar da aka tsara da kyau kuwa an gama.

Ɗalibi a Jamus:
Nan doka ce ma. Tun 2002 dokar kare muhalli ta ce duk sabuwar falwayar matsakaicin layi sai an yi ta yadda ba za ta kashe tsuntsu ba, tsofaffin masu haɗari kuma aka ba kamfanoni zuwa ƙarshen 2012 su gyara. In kana cikin jirgin ƙasa za ka riƙa hango hulunan robar a kan falwayoyi cikin gonaki. Shamuwarsu fara ce ta fi tamu girma, ita ma Afirka take zuwa in sanyi ya shigo. A Sifaniya kuma wata gaggafa ce da ta kusa ƙarewa, a shekarun 1970 ma'aurata ba su kai 50 ba, aka gano wuta ce take cinye matasansu, gyaran falwaya na cikin manyan abin da ya dawo da su, yanzu sun haura 800 in aka haɗa da Fotugal.

Sarkin Gardama:
Jamus! Ka ji fa. Mutanen da in an ɗauke wuta minti biyar sai an faɗa a labarai. Mu falwayarmu ta karkace an tokare ta da icce shi ne za a sa mata hula

Ɗalibi a Jamus:
To bar Jamus. Mongoliya fa? Ba masu kuɗi ba ne, fili ne fetal ba itace kamar yadda ɗan uwanmu na Sudan ya ce, shahon da Larabawa suke farauta da shi yana mutuwa dubbai duk shekara a kan falwayar siminti. Wata gidauniya ta Abu Dhabi ta biya aka rufe falwaya wajen dubu 27. A Afirka ta Kudu kamfanin wutarsu Eskom tun 1996 yake aiki da wata ƙungiyar kare namun daji, duk inda aka samu gawa ana rubutawa a je a gyara wurin.

Sarkin Gardama:
Wato sai Balarabe ya ga shahonsa zai ƙare sannan kuɗi ya fito. Shamuwa wa zai biya mata?

Malamar Bayoloji:
Ba duk falwaya ake gyarawa ba Yaya Sarki, nan ne sauƙin yake. Abin da aka gani a wurare da yawa shi ne 'yan kaɗan ne suke yin yawancin kisan, na kusa da kwata, juji, fadama, na taransifoma da na kwana inda jampa take hawa sama. In an san su an gama rabin aiki. Kuma yawancin sababbin layukan da ake ja da rancen manyan bankunan raya ƙasa sai an yi nazarin illa ga muhalli kafin a fara, wurin da ya kamata a sa baki ke nan, tun abin yana takarda.

Baba Na Nguru:
'Ya'yana ina ta karatu jikana yana taya ni. Ni na ga gauraka da idona a fadamar nan garke-garke, da asuba kukansu ke tashinmu. Tuje kuwa sai mai sa'a yake ganinsa ko a da. Yanzu yaro ɗan shekara ashirin bai san gauraka ba sai a hoto ko a gidan mai kuɗi an yanke mata fiffike. Kamu ne ya cinye su da ƙarancin ruwa tun da aka yi madatsun Tiga da Challawa, ba zan ce waya ba. Amma ina tambaya Malama, tsuntsu mai ido kamar wannan yaya zai kasa ganin waya a gabansa?

Malamar Bayoloji:
Barka da warhaka Baba, Allah ya ƙara lafiya. Idanun nasu a gefen kai suke Baba. Masu bincike sun auna ganin tuje da gauraka na Afirka ta Kudu suka tarar in suna tashi suka sunkuyar da kai kaɗan don duba ƙasa, gabansu sam ba sa gani. Ai kafin mu kafa turaku ba komai a sararin sama da za su yi karo da shi. Ga nauyi, ba sa iya juyawa da sauri, ga shi suna tashi da duku-duku ko magariba, bare in hazo ya sauko. Shi ya sa ake rataya wa wayar sama wasu faifai masu lilo da ƙyalli ko murɗaɗɗiyar roba don ta yi kauri a ido. Yana taimaka wa gauraka sosai, tuje kuwa ko an sa bai cika gani ba. A Indiya nasu tujen da ya rage bai fi 150 ba ko kusa da haka, har kotun ƙoli ta ce a 2021 a binne layuka a ƙasa a yankinsa, a 2024 ta sassauta saboda tsada da kuma tashoshin sola da ke wurin.

Baba Na Nguru:
To Allah ya kyauta. Fadamar Dagona dai har yanzu baƙin tsuntsaye suna sauka da sanyi, in za a ja layi ta nan a tuna da su.

Maman Ihsan:
Ni fa har yanzu ba wanda ya ba ni amsa, 'ya'yan za su rayu da uwa ɗaya?

Malamar Bayoloji:
Ya danganta da girmansu. In sun yi gashi suna iya tsayuwa akwai fata, tunda damina ce fara da kwaɗi sun wadata. In ƙanana ne sosai da wuya, don ɗaya ke tsaro ɗaya ke kiwo, hankaka da shirwa na jira. Kar dai a hau a ce za a taimaka, a hana yara taruwa a gindin.

Baban Walid:
Sun yi gashi, da safen nan na ƙirga kai uku suna leƙe. Na yi wa mai unguwa magana ya ce mu rubuta takarda zuwa ofishin wuta na yankinmu shi zai sa hannu. Wancan karon da muka kai kuka kan jampar da take tartsatsi wata biyu muka yi muna sintiri, don haka ban sa rai sosai ba. Tsoho me zan rubuta?

Tsohon Mai Layi:
Kar ka fara da shamuwa, za su yi maka irin dariyar Sarki. Ka rubuta lambar falwayar da sunan fida, ranar da abin ya faru da awa nawa aka yi ba wuta, ka ce tsuntsu ne ya haddasa folt a kan jampar taransifoma kuma akwai sheƙa a kusa, zai sake faruwa, musamman nan da 'yan makonni in 'ya'yan sun fara koyon tashi, don su ba su iya sauka ba kuma falwayar nan ce mafi kusa da tsamiyar. Ku roƙi a canza jampar da waya mai rufi, wannan ko a sito ana iya samu, aikin awa ɗaya ne. Ka haɗa da hoton gawar.

Baban Walid:
Kash, yara sun riga sun binne ta a bayan masallaci, har da jera duwatsu.

Sarkin Gardama:
To a tono ta mana hhh. Kawo takardar ni ma in sa hannu, ba don shamuwa ba, don firjin matata

Tsohon Mai Layi:
Bar ta ta huta. Ɗauko min hoton saman falwayar kawai, ka tsaya daga tsallaken titi ta gefen da jampa suke, ka turo nan in gani ko irin wadda nake zato ce.